Tulun Uwar Tsando

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Tun shekarar da ruwa ya ɓalle katangar baya ya shiga hawan ƙasa, ya kwana uku a ciki, ya cinye mana littattafai da kujeru da ɓerayen gwaji, rabona da in ga manya sun cika zauren nan haka. Shekara talatin da ɗaya ke nan. A wancan karon ɓarna kuka zo gani. Yau kuma za mu ji abin da ya kawo ku.

Ranka ya daɗe Darakta, ina gaisuwa. Mataimakinsa, ina gaisuwa. Manyan malamai da likitoci da suka zo daga nesa, sannunku da hanya. Shugaban Sashe, kai ma ina gaishe ka, duk da jiya mun haɗu a matakala ka kau da kai kamar ka ga kashi. Maigidan marigayiya, Allah ya ƙara maka haƙuri. Yayanta, da 'yarta tilo, Allah ya ba ku dangana. Sai mutanena na can baya da ba a ba kujera ba: masu shara, masu gadi, direbobi, masu wankin kwalabe. Da bakinku zan yi magana yau.

Kwamitin taro ya kawo mini takarda shafi biyu, wai in karanta muku. Ga ta nan, na ajiye, mai ita ya ɗauka. Shekara arba'in da huɗu ina shiga ina fita a gidan binciken nan, babu babban da ya lura ban iya karatu ba, sai ita. 'Yarta ce ta ce lallai ni zan yi magana, kuma ta ce za ta sa a rubuta abin da na faɗa a raba wa mutane. To, mai rubutu, ka rubuta yadda ya fito. Kada ka sa masa suga.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Baba Mai Tulu. Da can masinja ne ni, ina ɗaukar fayil daga ofishin Darakta ina rabawa. Ita kuwa mu ƙanana Uwar Tsando muke ce mata, saboda kejin ƙudan tsando da take kiwo a ɗakin baya tana lallaɓa su kamar jarirai. Ta sani, kuma ba ta taɓa jin haushi ba. Cewa take yi, "Gara 'ya'yana, su in za su yi cizo ba sa fara gaishe ka."

Ta kasance mace mai tambaya. Watan da ta zo, ana cikin kwashe laka, na kai mata takarda, sai ta ce in tsaya in leƙa cikin madubin nan na ganin ƙananan halittu. Na leƙa. Na ga wani abu siriri yana wutsil-wutsil tsakanin ƙwayoyin jini. Na ja baya ina a'uziyya.

Ta yi dariya ta ce, "Baba, wannan shi ke kashe shanu da sammore, ɗan'uwansa kuma shi ke sa wa mutum ciwon barci, ƙudan tsando ne ke yaɗa su. Duk jikinsa ɗaki ɗaya ne. A tsakiyar ɗakin akwai ƙuryar ofis, nan aka ajiye babban littafin da ya ƙunshi yadda ake yin komai na jikinsa. Littafin ba ya fita. Sai dai a kwafi shafi a aika waje wurin ma'aikata. Kwafin nan shi muke ce wa RNA. Bangon ofishin yana da 'yan ƙofofi ƙanana. To, takarda ba ta da ƙafa. Wa ke fitar da ita?"

Na ce, "Masinja mana."

Ta ce, "To, shi na zo nema. Tunda sana'arka ce, zo ka taya ni."

Haka na bar fayil na koma wankin kwalabe, kuma ban yi da-na-sani ba ko sau ɗaya.

Ku masu digiri kun san zancen da Turanci. Ni ga yadda ta bar mini shi. Mu ma jikinmu yana da irin wannan ofis da irin wannan aike. Amma halittar nan tata hanya daban ce. Ba ta kwafar takarda ɗaya-ɗaya. Doguwa take jawowa kamar turmin atamfa, sannan ta yayyanka, kowane yanki ta manna masa hatimi iri ɗaya a ka. Masinjanta ma ba yadda namu ke bi ta ƙofa yake bi ba. Malama ta ce idan aka gano igiyar da za ta ɗaure nata masinjan ba ta taɓa namu ba, an kama hanyar magani. Yaya, kai ka san abin da ya sa ta nace. Kai ka faɗa mini da bakinka cewa tana 'yar shekara tara ta tsaya tana kallon garken mahaifinku yana zubewa ɗaya bayan ɗaya, saniya ta rame har ka ƙirga haƙarƙarinta daga nesa.

Ta kasance mai haƙuri da aiki, marar haƙuri da mutane. Wannan gaskiya ce, ba zan rufe ba don ta mutu. Ta taɓa mayar mini da kwalba sau huɗu a wuni ɗaya, wai tana jin ƙanshin sabulu. Na ce, "Malama, hancinki ne ya sha sabulu." Ta ce, "Baba, sake wankewa, ka haɗa da hancin." Shekara goma sha ɗaya ta yi kafin ta samu irin halittar da in an ɗiga mata wani magani, masinjanta zai kwanta. Ranar da abin ya yi, da hantsi, ta ƙwala mini kira har mai gadi ya rugo da sanda. Ta rina takardun da wani rini mai ƙyalli. Na leƙa na ga sun taru cunkus a ƙuryar ofis, kore shar, waje kuwa duhu. Ba abin da ke fita.

Na ce, "Kamar ofishin Darakta makon da na yi zazzaɓi."

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Kafin kwana uku halittun duk sun mutu, ba don an sare su ba, don kawai saƙo ya daina fita.

Mai gabatarwa, na ga kana nuna mini agogo. Sauke hannunka. Ka ba Mataimaki minti ashirin ya faɗi sunanta ba daidai ba har sau biyu.

Yanzu zan zo kan tulu, don shi ya tsayar da ni a nan.

A ƙarshen barandar hawan ƙasa akwai ɗaki mai koren ƙyaure, ba taga. A ciki akwai tulun ƙarfe, tsayinsa ya kawo mini ƙugu. Ana zuba masa ruwan naitirojin, mai sanyin da in ya taɓa yatsa sai ya ƙone shi. A cikin ruwan akwai gwangwanaye shida a rataye, kowanne da sanduna, kowace sanda da 'yan kwalabe kamar ɗan yatsa. A cikin kwalaben nan halittun suke barci. Akwai waɗanda aka ɗebo daga jinin shanun da suka mutu kafin a haifi rabin mutanen zauren nan. Akwai na jinin wata mata da aka kawo a kan ƙyaure, ta warke, ta koma gida da ƙafarta. Akwai waɗanda Malama ta gyara da hannunta. In an ɗumama su, su farka su ci gaba da wutsil-wutsil kamar jiya suka kwanta. In ruwan ya ƙafe, sun tafi, kuma ba kasuwar da ake sayar da su.

Ambaliya ta cinye littafin rajistar tulun. Takardun da ake mannawa kuma sanyi ɓamɓare su yake yi. Sai Malama ta ce, "Baba, rubutu ya ci amanarmu. Kai da ba ka dogara da shi ba, yaya za ka yi?" Mai ɗakina tela ce, Allah ya jiƙanta. Na kawo zare daga kekenta. Muka ɗaura wa kan kowace sanda. Ja, daga saniya. Fari, daga mutum. Baƙi, na gida, wanda ba a taɓa komai a jikinsa ba. Kore, wanda aka gyara masinjansa. Ƙulli kuma shi ke faɗin shekara da garke. Ita tana rubutawa a littafinta, ni ina haddacewa. Duk Litinin in tsoma baƙar sandar awo in ga inda raɓar ƙanƙara ta tsaya, in ƙara ruwa har ya kai tsagar da na yi da wuƙa. An sallame ni daga aiki shekara tara da suka wuce. Ban fasa Litinin ko ɗaya ba.

To, jama'a, ga abin da ba a sa cikin takardar taro ba. Allon nan da Darakta ya yaye wa ƙyalle ɗazu kuka yi tafi, mai ɗauke da sunanta, kun san ƙofar da za a kafa shi? Koren ƙyauren nan. Za a mai da ɗakin wurin shan shayin baƙi. Tulun kuwa an sa hannu gobe da ƙarfe tara a fitar da shi, a zuba abin cikinsa a tukunyar tururi, a dafa, a zubar. Mako uku ke nan aka hana ni ruwan sanyin nan na naitirojin a sito. Shekaranjiya na auna, saura yatsa huɗu. Ku kashe mata 'ya'ya, ku rataya sunanta a ƙofar kabarinsu, ku sha shayi a kai. Wannan ita ce karramawar.

Maigida, na ga ka ɗago kai. Ba su gaya maka ba, ko? Ba za su gaya maka ba.

Na je wurin Shugaban Sashe. Mutumin nan ɗalibinta ne. Ni na koya masa yadda ake riƙe ɓera ba tare da ya cije shi ba, kuma sai da ya cije shi. Na ce, "Ɗana, me tulun nan ya yi maka?" Ko kujera bai nuna mini ba. Ya ce, "Baba, littattafanta ba wanda ke gane su, duk zancen ja da baƙi ne da ƙulli. Kwalaben ba suna. Kuma kowa ya san kayanta a cakuɗe suke. Ka manta abin da ya faru gaban baƙi?"

Ban manta ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bari in faɗa muku abin da ya faru gaban baƙi.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, wasu manyan masana suka zo daga ƙasar waje su ga aikin nan da idonsu. In sun gamsu, a nan za a kafa babban aikin neman maganin. Malama ta ciro sanda mai koren zare daga gwangwani na huɗu, ta farkar da halittun, ta ɗiga musu magani. Ranar nuni aka taru, aka leƙa madubi. Babu cunkoso. Takardu suna fita abinsu, halittu suna rawa kamar ana musu kiɗa. Wani baƙo ya cire tabarau ya goge ya mayar. Suka tafi da aikin wani wuri. Tun daga ranar aka fara raɗa a baranda, wai dama can ƙarya ta yi. Wasu masu raɗar suna zaune a layin gaba, ɗazu ma na ga ɗaya yana share hawaye. Aka ɗauke mata ɗalibai. Takardun da take rubuta wa ofishin Darakta suka daina samun amsa. Ni tsohon masinja ne, na san bambancin fayil da ya ɓata da fayil da aka zauna a kai.

Ba ƙarya ta yi ba. Ni ne.

Ni ne, jama'a. Baƙin zare ya ƙare mini wata rana, na ɗauko wani daga keken mai ɗakina, na ɗaura. A idona baƙi ne. Ashe kore ne mai duhu. Yanar ido ce ta fara rufe mini gani, na ɓoye, don ina tsoron in aka sani za a ce in tafi gida. Halittun gida ne, lafiyayyu, na sa musu alamar waɗanda aka gyara. Girman kaina ya ja mata wannan kunyar.

Mako biyu bayan tafiyar baƙi ta kira ni, ta rufe ƙofa, ta ajiye zare biyu a kan farar takarda. Ta ce, "Baba, wanne ne baƙi?" Na nuna. Ashe koren na nuna. Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce, "Shekara ɗaya da wani abu." Na cire hula na ce bari in je in faɗa wa Darakta da bakina.

Ta ce, "Mayar da hularka. In ka faɗa, yau za su kore ka. In sun kore ka, wa zai tuna mini tulu? Ni za su zaga, kuma na iya jin zagi. Muddin ina numfashi, ba ka ba wannan maganar."

Washegari ta sa ni a motarta ta kai ni asibitin ido. Da aka kwance mini bandeji, abin da ta fara nuna mini zare ne. Ta ce, "Wane launi?" Na ce, "Kore, Malama." Ta ce, "To, ka biya ni." Muka bi sandunan nan ɗaya bayan ɗaya, wata huɗu, tana gwadawa ina dubawa da sabon ido. Sanda ɗaya ce tak ta sami kuskure. Gwangwani na huɗu, sanda ta bakwai. Ba mu kwance zaren ba. Ta ce a bar shi, a ƙara masa farin ƙyalle, don mu riƙa tunawa. Ta rubuta wa baƙin nan cewa an sami musanya, su dawo su gani. Ba ta faɗi sunana ba. Wasiƙar sai ta bi ta ofis kafin ta fita. Ku tambayi ofis inda take.

Ta kasance mai rufa asirin na ƙasa da ita. Ta kasance mai ɗaukar dukan da ba nata ba, ta miƙe ta koma kan madubi. Ta kasance in direba ya yi rashin lafiya, ita ke fara isa gidansa kafin 'yan'uwansa. Ba ta iya fadanci ba, ba ta iya gaisuwar durƙuso ba, shi ya sa ta tsufa a ɗaki marar taga, waɗanda ta koya wa riƙe kwalba suka hau sama inda ake kunna na'urar sanyi. Mu na baya mun gani. Ba a tambayarmu ne kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai shara kuma ya san abin da kowa ke jefawa a kwando.

Ta ce muddin tana numfashi. Wata biyu ke nan ba ta numfashi. Alkawari ya sauka daga wuyana.

Don haka, Shugaban Sashe, hujjarka ta mutu yau a gaban shaidu. Kayanta ba a cakuɗe suke ba. Ka ce ba suna? Saurara. Gwangwani na ɗaya, sanda ta ɗaya: jan zare, ƙulli biyu, jinin bijimin da aka kawo shekarar ambaliya, kwalba biyar, an ciri ɗaya, saura huɗu. Sanda ta biyu: farin zare, ƙulli ɗaya, matar da aka kawo a kan ƙyaure, kwalba uku. Sanda ta uku: baƙi, ƙulli uku. In ci gaba? Sanda hamsin da takwas ne, kuma zan iya jero maka su daga ƙarshe zuwa farko. Rashin iya karatuna bai hana ni ba. Kai iya naka karatun ne ya hana ka ganin zare, don kana neman baƙaƙe.

Ranka ya daɗe Darakta, ba a zamaninka aka fara zama a kan fayil ɗinta ba, wannan na yarda. Amma hannunka ne a kan takardar gobe. Ban roƙe ka ka mayar da ni aiki ba. Ban roƙe ka lambar yabo ba, ba ni da bangon rataya ta. In akwai hukuncin da ake yi wa wanda ya ɗaura zare ba daidai ba, ga ni, a yi mini, na daɗe ina jiransa. Amma a bar tulu.

'Yata, ke nake wa magana yanzu. Kina ƙarama kika taɓa ce mini kin tsani tulun nan, don yana cinye miki uwa. Ban ga laifinki ba. Ranar da aka yi bikin gama makarantarki ta zo a makare da ƙanshin ɗakin ɓeraye a rigarta, kika ƙi yi mata magana kwana biyu. Ta faɗa mini tana kuka, ita da ko a gaban baƙin nan ban ga hawayenta ba. Abin da ta hana ki na lokacinta, yana cikin tulun can a daskare. In aka dafa shi gobe, an cuce ki sau biyu. Maigida, Yaya, ku yafe mini. Shekara goma sha biyu kuna jin ana yi da ita a gari, ni kuma ina cin abinci a gidanku ina shiru. Ku yafe, ko kada ku yafe, amma ku san ba ta taɓa yin ƙarya ba.

Shekarata saba'in da takwas. Tarin nan da kuke ji ba na mura ba ne. Ni ma ƙuryar ofis ce, cike da takardu, kuma masinjana ya kusa kwantawa. Na ga abin da ke faruwa in saƙo ya taru a ciki bai fita ba. Mutum ɗaya nake nema mai alƙalami da haƙurin zama. Cikin duk masu digirin nan, ɗaya.

Na gode wa 'yarta da ta ba ni wannan wuri. Na gode wa mutanena na baya da suka tsaya a ƙafa tun safe. Na gode wa masu sauraro, har da waɗanda suka so a kashe lasifika.

Allah ya jiƙan Malama, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka makwancinta, ya sa haƙurin da ta yi da mu ya zame mata inuwa. Allah ya raya abin da ta bari. Allah ya ba iyalinta juriya. Waɗanda suka cuce ta da sani, Allah ya ba su ikon tuba kafin ƙarfe tara. Amin.

Makullin koren ƙyaure ga shi nan a wuyana, inda ta rataya shi da hannunta. Gobe in Allah ya kai mu, in na idar da sallar asuba, wani direbanmu zai biya ta wurin masu ajiyar irin shanu a tulun sanyi irin namu, sun ce za su sam mini ruwan sanyi. Zan cika tulu har tsagar wuƙa. Sannan in jawo kujerata in zauna a bakin ƙofa, in fara daga gwangwani na ɗaya, sanda ta ɗaya, da ƙarfi, ko akwai mai rubutawa ko babu. Mai alƙalami ya zo da alƙalaminsa. Mai tukunyar tururi kuma ya zo da babba, don da ni zai fara.